Kun Tambaya, Mun Amsa: Murfin Babbar Kwalba da Abin da Ke Fasa Ta

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: yadda za a rufe babbar kwalba, mai cin mililita 750 zuwa lita ɗaya da rabi, bayan an zuba mata abin sha na gida. Masu zoɓo ne suka fi yawa, sai masu lemon citta da masu kunu. Mun taƙaita tambayoyin domin amsa ta samu wuri.

Ina zuba zoɓo a manyan kwalaben gilashi, ina ɗaure murfin tam. Kwana biyu a shago sai kwalba biyu suka fashe da rana tsaka, har gilashi ya yanki yarinyar da ke tsare min shagon. Wane murfi zan saya da ya fi wannan ƙarfi? Wata mai sana'ar zoɓo, Kano

Allah ya ba yarinyar lafiya, ya kiyaye gaba. Hajiya, murfinki bai gaza ba. Da ya gaza, da iskar ta sulale ta gefensa kwalbar ta tsira. In kika ƙara masa ƙarfi alhali zoɓon yana nan yadda yake, fashewar ce za ta ƙaru.

Abin da ya faru shi ne yis, ƙwayar nan mai rai da ke kumbura ƙullun burodi, ya shiga zoɓon. Ba sai an zuba shi da hannu ba: yana jikin ɓawon abarba, da fatar citta, da dabino, da ƙyallen tata, da hannun mai aiki. Tafasa tana kashe shi, amma mafi yawan masu zoɓo sai ya huce suke zuba sukari da ruwan abarba da kayan ƙamshi, wasu kuma su sirka da ruwan da ba a dafa ba. Ko wanne daga cikin waɗannan ƙofa ce. Yis yana cin sukari, ya fitar da iskar gas da ɗan barasa, iskar kuma ba ta da hanyar fita.

Ga lissafin. Ana auna matsin iska da ma'aunin bar. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗoriya. Duk giram 4 na sukari da yis ya cinye a cikin lita ɗaya yana haifar da kusan bar 1. Masu shamfen, wato giyar inabi mai gas, a Faransa giram 24 suke sa wa lita, su sami bar 6, kuma kwalba ta musamman mai kauri suke ƙera wa wannan aiki. Zoɓo mai zaƙi yana iya ɗaukar giram 100 a lita. Ke nan ko kashi ɗaya cikin huɗu yis ya ci, an kai inda kwalba ta yau da kullum ba za ta jure ba, kuma sauran sukarin yana nan yana jira.

Sai zafi. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 10 tana riƙe iskar gas da ta ɗan haura lita ɗaya ba tare da an matsa ta ba. A digiri 40 rabin lita da kaɗan kawai take riƙewa. Sauran sai ta taso ta danni gilashi. Kwalbar da ta kwana lafiya cikin ƙanƙara, in ta wuni a shagon kwano a watan Afrilu, matsin da ke cikinta ya ninka har ya wuce. Shi ya sa suka fashe da rana. Girman kwalba ma yana da nasa: iyakar faɗin cikinta, iyakar nauyin da bangonta ke ɗauka a matsi iri ɗaya. In kauri ɗaya ne, babba za ta riga ƙarama fashewa.

Maganin zoɓo shi ne a zuba shi da zafinsa. Ki haɗa komai, sukari da citta da kanumfari da ruwan abarba, ki tace, sannan ki mayar wuta ya tafasa. Kada a ƙara ko ɗigon wani abu bayan nan. Kwalaben, bayan an wanke su da burushi, su jira a cikin ruwan zafi, domin gilashi mai sanyi yana tsagewa in bambancin zafinsa da na abin da aka zuba ya wuce digiri 40. Ki zuba ta mazurari da aka dafa, zoɓon bai sauka ƙasa da digiri 85 ba, ki bar santimita 3 a wuya, ki rufe nan take da sabon murfi, ki kwantar da kwalbar minti uku domin zafin ya taɓa cikin murfin. Ki bar ta ta huce da kanta, nesa da ruwan sanyi da siminti mai sanyi. In kina so ki ƙara tabbaci, ki jera kwalaben a tukunya mai tsumma a ƙasa, ruwa ya kai musu wuya, ki riƙe shi a digiri 80 zuwa 85 na minti 25. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada, kuma ba a yin wannan aiki da ƙiyasi.

Kafin ki fitar da kaya, ki ware kwalba uku, ki sa su a bokiti mai murfi a wuri mafi zafi a shagon, ki bar su sati biyu. In kin buɗe kin ji "fis", ko kin ga kumfa tana tasowa, akwai inda yis ke shiga a aikinki, sai a nemo shi.

Na sayi abin danna murfi da buhun murafu irin na kwalbar lemo. A ƙananan kwalabe yana kamawa, amma a manyan kwalaben lemon inabi da na tara daga wurin biki murfin ba ya shiga, ɗaya ma wuyanta ya karye. Wani mai karatu, Maraɗi

Malam, murfi mai haƙora iri biyu ne. Na kwalbar lemo faɗinsa milimita 26. Manyan kwalabe masu kauri irin na shamfen, waɗanda ake zuba lemon inabi mai gas a cikinsu, da yawansu bakin milimita 29 gare su, musamman waɗanda aka ƙera a Turai. Milimita ukun nan su suka karya maka kwalba. Gwajin ba wuya: ɗora sabon murfin 26 a bakin. In ya zauna ya lulluɓe leɓen, nasa ne. In ya tsaya a sama yana lilo, na 29 za ka nema.

Murfin kaɗai bai isa ba. A cikin abin dannawar akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe wanda ke tattare haƙoran su rungumi leɓen kwalba, shi ma akwai na 26 da na 29. A yawancin injina ana kwance shi a ɗaura wani. Ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Abin dannawar ma iri biyu ne, kuma nan ne inda mai manyan kwalabe ya kamata ya natsu. Mai hannu biyu yana cafke wuyan kwalba a ƙarƙashin zoben gilashi, ya ja sama yana danna murfi ƙasa. An yi muƙamuƙansa ne daidai wuyan ƙaramar kwalba. In wuya ya fi kauri sai su matse gilashin ya tsage. Wasu ana juya farantan muƙamuƙin su buɗe, wasu ba a juyawa. Na tebur kuwa sanda ɗaya gare shi, kwalba tana tsaye a ƙasa yana danna ta daga sama, ba ruwansa da siffar wuya, kuma ana ɗaga kansa daidai tsayin kwalba. Duk wanda zai riƙa rufe manyan kwalabe, na tebur ya dace ya saya, ya ɗaure shi da kusa a kan katako. Kwalbar ta tsaya daidai tsakiya, a danna sau ɗaya a hankali har ƙasa.

In ka rufe, kama murfin da yatsu ka gwada murɗawa. Ya juya, bai kamu ba. Ka duba haƙoran ta kowane gefe, su zama sun kwanta daidai. In gefe ɗaya ya buɗe, kwalbar ta karkace lokacin dannawa. Don gwada sabon inji, zuba ruwan soda a kwalba ɗaya, ka rufe, ka girgiza kaɗan, ka nutsa kanta a bokitin ruwa. Ƙananan kumfa a gefen murfi na nufin yana yoyo.

Ba a maimaita wannan murfi. Mabuɗi yana lanƙwasa shi, robar cikinsa kuma ta riga ta ɗauki shatin leɓen farko. Kada a jiƙa murafu a ruwan bilic, tsatsa za su yi. A tsoma su a ruwan zafi na ɗan lokaci kafin a ɗora. Kwalbar da leɓenta ya ɓalle ko kaɗan a jefar, haka wadda aka yi wa leɓe mai zare na murɗawa, domin gilashin wurin siriri ne. Wannan murfi ya daɗe: William Painter ne ya yi masa rajista a Baltimo ta Amurka a 1892, da haƙora 24, yanzu 21 ake yi. A ganinmu har yau babu wanda ya kai shi sauƙin kuɗi da riƙe iska, in dai bakin kwalba nasa ne.

Ina so kayana su fito da kyau irin na kanti, da toshiya da waya a kai. Zan iya yi a gida? Wata mai shirya kayan biki, Zariya

Za ki iya, Malama, amma ki san abin da za ki shiga. Toshiya da waya tsarin masu shamfen ne da masu giya na Beljiyam, waɗanda ke zuba kayansu a kwalba mai mililita 750 su bar ta ta yi gas a ciki. Wani ɗan Faransa, Adolphe Jacquesson, shi ya yi wa ɗaurin wayar rajista a 1844. Toshiya tana hana iska fita ne kawai. Wayar ce ke hana toshiyar tashi. Bakin irin wannan kwalba bai kai santimita 2 ba, amma a bar 6 iskar tana tura toshiya da nauyin kusan kilo 15. Toshiyar da ba waya za ta fita da kanta, kuma tana iya samun ido.

Abu na farko kwalba. Sai mai nauyi, mai ramin gindi, mai zoben gilashi a ƙarƙashin leɓe inda waya za ta kama. Kwalba mai siririn bango da miƙaƙƙen wuya, wadda aka yi don abin sha marar gas, ba ta shiga wannan aiki ko da toshiya ta shige ta.

Toshiyar ɓawon itace ta fi bakin kwalba girma nesa ba kusa ba. Ta shamfen faɗinta kusan milimita 31, ta Beljiyam kusan 25 da rabi. Hannu ba ya tura ta. Sai injin tsaye mai muƙamuƙi da ke matse ta ya cusa. Ba a cusa ta duka, ana barin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a waje, wanda waya za ta danne ya yi kan nan mai faɗi. Kada a dafa ta, domin tafasa tana wanke santsin da aka shafa mata, ta maƙale ko ta farfashe wajen buɗewa. A lokacin hunturu ki ajiye su a leda a ɗaure, iskar tana busar da su.

Ga mai ƙaramin jari, toshiyar roba ta fi. Ana jiƙa ta a ruwan ɗumi, a tura da tafin hannu ko a buga da gudumar katako har ta zauna. Sai dai bakin kwalabe ba ɗaya ba ne, don haka ki sayi kaɗan ki gwada a kan naki kafin ki sayi buhu. Wadda ta shiga ba tare da wahala ba za ta yi yoyo. Ki ɗora wayar, ƙafafunta huɗu su sauka daidai, zoben ƙasa ya shige ƙarƙashin zoben gilashi, ki sa fensir ko ƙusa a madaukin ki murɗa rabin juyi sau shida, sannan ki lanƙwasa shi sama. In kin zarce, wayar za ta tsinke. In kin rage, toshiyar za ta ɗago.

Wannan duk ado ne da riƙo. Abin da ke cikin kwalbar dole ya zama an dafa shi an kashe yis, kamar yadda muka gaya wa Hajiya ta Kano.

Kwalabena masu murfin da ke maƙale da waya ne, ana dannawa ya kulle. Da suna riƙe gas, yanzu lemon yana fitowa salam. Wani mai karatu daga zango, Kumasi

Malam, duba zoben robar da ke jikin kan murfin. Shi ne murfin na gaskiya, sauran duk maɗauri ne. Zafi da bilic da yawan matsi suna sa shi ya taurare, ya tsattsage, ko ya yi rami inda leɓen kwalba ke zama. Cire shi ka lanƙwasa: in ka ga tsaga, ko bai koma yadda yake ba, ya gama aiki. Juya shi ɗaya gefen yana iya kai ka zubi ɗaya, amma sabo ne magani, kuma ana sayar da su daban. Na silikon ya fi jure zafi. Duk wanki a cire zoben a wanke ƙarƙashinsa, nan ne datti da yis ke ɓuya. Kwalbar da ba komai a ciki a ajiye ta a buɗe, kada robar ta zauna a matse a banza.

In zoben sabo ne kuma yoyon bai daina ba, wayar ce ta saki. Murfi mai lafiya sai ka sa ƙarfin babban yatsa kafin ya kulle, kuma za ka ji ƙararsa. Wanda ke rufuwa da sauƙi, cire wayar daga ramukan wuya, ka ɗan ƙara mata lanƙwasa da filaya, ka mayar.

Abu ɗaya za mu ja kunnenka a kai. Tun da Charles de Quillfeldt ya yi wa irin wannan murfi rajista a Amurka a 1875 ake amfani da shi a kan abin sha mai gas, shi ya sa mutane ke ɗauka duk kwalbar da ke ɗauke da shi mai jure matsi ce. Ba haka ba ne. Kasuwa cike take da na ado, masu kusurwa huɗu ko masu zane, waɗanda aka yi don ruwa ko mai. Kusurwa ita ce inda gilashi ke fara tsagewa. Gas sai kwalba mai zagaye, mai nauyi a hannu.

Ina yin lemon citta mai gas da ɗan yis. Gorar roba ta fi, ko gilashi? Kuma zan iya maimaita murfin? Wata mai karatu, Kaduna

Gorar roba, Malama, ba ma shakka. Duk abin sha mai zaƙi da ke da yis mai rai a ciki, kada ya shiga gilashi. Za ki ce ai masu giya a Turai a gilashi suke yi. Bambancin shi ne su suna barin yis ya cinye sukarin duka a babban mazubi mai hanyar fitar iska, su auna kwana biyu ko uku a jere su ga awon bai motsa ba, sannan su auna giram 6 zuwa 8 a kowace lita su zuba su rufe. Yis ya cinye wannan ya tsaya, don babu saura. Lemonki kuwa zaƙinsa ake so, sukari yana nan da yawa, babu abin da zai tsayar da yis sai sanyi.

Gora ma ba kowace ba. Ta lemo mai gas, mai ƙafafu biyar a gindi da bango santsi, ita aka yi don matsi. Gorar ruwan sha siririya ce, murfinta gajere, bakinta ma daban; za ta kumbura gindinta ya fito, ko murfin ya tashi. Bakin gorar lemo milimita 28 ne, amma shi ma iri biyu: tsohon yayi mai dogon wuya da ake kira PCO 1810, da sabo mai gajeren wuya, PCO 1881. Murfin ɗaya yana iya hawa kan ɗaya ya yi kamar ya kamu, alhali yana yoyo. Ki tafi da gorarki wurin masu sayar da murafu a gwada a gabanki.

Ga awo na gorar lita ɗaya da rabi: ɗanyar citta giram 40 a markaɗa, sukari giram 120, a dafa da ruwa, a tace, a bari ya huce, a matse lemon tsami biyu, a sa yis ɗan abin da yatsu biyu za su tsinka. A bar santimita 5 a wuya, a ɗaure, a ajiye a inuwa. A zafinmu yana iya kaiwa cikin awa 12 zuwa 24, don haka ki fara matsa gorar da hannu tun daga awa takwas. Da ta yi tauri irin na sabon lemon kanti, sai firji. Sanyi yana kwantar da yis, ba ya kashe shi. In an ɗauke wuta firjin ya huce, aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya. A irin wannan rana ki sassauta murfin kwata juyi, iskar ta fita ta tsagogin da aka yanka a zaren wuya, ki sake ɗaurewa. A shanye cikin kwana uku zuwa huɗu.

Murfi kuwa, na shan gida za ki iya maimaita shi sau biyu ko uku in cikinsa bai ƙuje ba. Na sayarwa sabo ne dole, mai zoben da ke tsinkewa in an buɗe. Araha ba ta ado, kuma murfi shi ne mafi sauƙin kuɗi a duk kayan aikinki. Gorar da aka tsinto a bola ko a titi ba ma goyon bayan ta ko kaɗan: ba ki san ko fetur ko maganin ƙwari aka zuba mata ba, roba kuma tana shan wari da guba ta riƙe. Wadda kika san asalinta, ki wanke da sabulu, ki jiƙa minti goma a ruwan bilic, ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, a lita ɗaya in an rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin bilic ɗin, sannan ki ɗauraye da dafaffen ruwa da ya huce. Kada bilic ya haɗu da lemon tsami ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi guba ce. Kada kuma ki zuba abin da ya wuce digiri 60 a gora, za ta yamutse bakinta ya karkace.

In yis ne ke kawo gas ɗin, ashe akwai barasa a ciki ke nan? Wani mai karatu, Sakkwato

Akwai, Malam. Yis ba ya ba da ɗaya ya hana ɗaya. Duk sukarin da ya ci, kusan rabin nauyinsa iska ne, rabi barasa. Giram 17 a lita suna ba da kusan kashi 1 cikin 100. Kafin gora ta yi tauri yis ya ci kamar giram 8 zuwa 12, wato daga kusan rabin kashi ɗaya zuwa kusan kashi 0.7. In an bar ta kwanaki ana sassauta murfi ana sake ɗaurewa, adadin yana hawa, kuma in giram 80 suka ƙare an doshi kashi 5, ƙarfin giyar kwalba ke nan. Wannan lissafin ya shafi zoɓo ko kunun da ya kwana ya fara kumfa da kansa. Hukuncin shari'a na malamai ne. Namu shi ne mu ba ka adadin da za ka kai musu.

Wanda ke son gas ba tare da yis ba, hanya biyu gare shi. Ta farko, a dafa citta ko zoɓo da sukari ya yi kauri, a sanyaya shi sosai, a zuba kashi ɗaya a gora, a bi shi da kashi huɗu ko biyar na ruwan soda mai sanyi ƙarara, a hankali ta gefen gora, a rufe nan take. Iyakar sanyinsu, iyakar gas ɗin da zai zauna. Ta biyu ta mai sana'a ce: tukunyar iskar kabon (gas ɗin da ke cikin lemo) irin ta abinci, da na'urar rage matsi, da murfi na musamman da ke hawa bakin gora ya karɓi tiyo. A matse gorar iskar wuya ta fita, a saita bar 2 zuwa 3, a girgiza lemon mai sanyi na minti ɗaya ko biyu. Matsin cikin tukunyar ya haura bar 50, don haka ba a haɗa ta da gora kai tsaye ko sau ɗaya.

Zan iya yi wa kunun aya yadda kuka ce a yi wa zoɓo, in rufe shi ya yi wata guda a kan kanta? Wata mai karatu, Jos

A'a, Malama, kuma wannan a'a ce mai nauyi. Zubi da zafi yana aiki ne a kan abin sha mai tsami. Ana auna tsami da ma'aunin pH, iyakar ƙanƙantar adadin, iyakar tsamin, kuma iyakar da masana abinci suka sa ita ce 4.6. Zoɓo yana ƙasa da ita sosai, wajen 3 ko ƙasa. Kunun aya yana sama da 6. A irin wannan ruwa akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda irinta ke tsallake tafasa, kuma ta fi son rufaffen wuri marar iska. Gubarta tana shanye jiki, tana kisa, kuma ba lallai wari ko ɗanɗano su canza ba. Kamfanoni suna kashe ta ne a tukunyar matsi mai zafin digiri 121. Murfi mai kyau a kan kunun aya da ke zaune a zafi yana gyara wa wannan ƙwaya wurin zama ne. Ga shi kuma aya tana da sitaci, in an dafa kunun sosai sai ya yi kauri ya canza.

Kunun aya na sanyi ne: sabuwar gora, sabon murfi, daga tata sai ƙanƙara ko firji, a sayar cikin kwana biyu. In ana so ya daɗe a daskarar da shi, a bar santimita 5 a wuya domin ƙanƙara tana kumbura. Sinadarin benzowet da wasu ke zubawa don hana lalacewa ba ya aiki sai a cikin tsami, don haka a kunun aya asarar kuɗi ce.

Kunun zaƙi kuwa da ransa ake shan sa, yana ci gaba da tsami yana fitar da iska. Masu burukutu sun daɗe da sanin wannan, a buɗe suke sayar da nasu, kuma a kudancin Afirka kwalin giyar dawa ta Chibuku da ƴar huda a samansa yake zuwa. Kunun zaƙi a gora kawai, cikin kula mai ƙanƙara, na yini ɗaya.

Na ga ana tsoma kan kwalba a kaki, wasu kuma suna sa leda mai kama wuya. Suna hana iska fita? Wani mai karatu, Garwa

Ba sa hanawa, Malam. Kaki ado ne, yana kuma kare murfin ƙarfe daga tsatsa in kwalba za ta zauna cikin ruwan ƙanƙara. A kan murfin da ya riga ya kamu ake yin sa: a narka a gwangwani da ke zaune cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a tsoma busasshen kan kwalba, a ɗago ana juyawa. Kakin kyandir zalla yana farfashewa ya zuba cikin abin sha wajen buɗewa. Na rufe kwalba da ake sayarwa ya fi laushi.

Ledar wuya shaida ce ga mai saye cewa ba a buɗe ba. Ana zura ta, a busa mata iska mai zafi ko a kara ta a tururin buta na daƙiƙa biyu zuwa uku, ana juya kwalbar. A kan gorar roba a yi sauri, zafin yana lanƙwasa wuya. Faifan ƙarfe mai sheƙi da inji ke liƙawa a bakin robar yogot yana hana zuba, amma ba ya riƙe gas. Wanda zai sa wa kayansa suna ya kai kantuna a Najeriya sai ya yi rajista da NAFDAC, kuma takardar jikin kwalba ta nuna ranar da aka yi da ranar da zai lalace.